Farin dattin baki: wane ruwan kurkura ne ke hana shi kama wuri, kuma yaushe ne sayensa asarar kuɗi ce

Idan mutum ya shiga kemis a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, ya buɗe baki ya nuna farin abin da ya lulluɓe masa harshe da cikin kumatu, abu biyu aka fi miƙo masa: ko kafso mai ja da rawaya na antibayotik, wato maganin kashe bakteriya, ko kwalbar ruwan kurkurar baki. Kafson nan ƙara rura ciwon yake yi. Ita kuwa kwalbar, wani lokaci tana taimakawa sosai, wani lokaci kuma kuɗin cefanen kwana biyu ne ya tafi a banza. Bambancin yana ga abin da ke cikin kwalbar, da kuma wanda zai kurkura da shi.

Abin da ke kawo wannan farin datti ba bakteriya ba ce, shi ya sa kafso ba ya taɓa shi. Wata ƙwayar yis ce mai suna kandida, dangin fumfuna. Tana zaune a bakin mutane masu lafiya da yawan gaske, kusan ɗaya cikin uku har zuwa rabin manya, ba ta dame su da komai ba. Yawu na wanke ta, bakteriyar baki na tare mata wuri, garkuwar jiki na danne ta. Sai ɗaya daga cikin waɗannan ya yi rauni take samun ƙofa. Wanda ya sha antibayotik na kwanaki ya kashe bakteriyar da ke gogayya da ita, ya bar mata fili.

To amma kafin ta zama ciwo, dole sai ta manne. Duk ƙwayar da ba ta kama fatar baki ba, yawu zai kwashe ta a haɗiye, shi ke nan. A jikin kandida akwai wasu sinadaran furotin da take liƙewa da su a fatar cikin kumatu, da harshe, da robar haƙoran sawa. Da ta kama, sai ta sauya siffa daga ƙwaya zagayayya ta fitar da zare mai tsawo, zaren nan ya huda fatar ya shiga. A 2016 masu bincike a Landan da Jamus suka gano wata guba da wannan zaren ke fitarwa, ita ke fasa ƙwayoyin fata ta jawo zafi da ja. Daga nan ƙwayoyin sukan taru su gina wani shimfiɗi mai yauƙi su ɓuya a ciki. Kamar gansakukar cikin randa ne: ko ka zuba ruwa ka karkaɗa sau goma, in ba ka sa hannu ka goge ba tana nan. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci iyakar duk wani ruwan kurkura. Yana da ƙarfi a kan ƙwayar da ke yawo ko wadda ke shirin mannewa, ƙarfinsa na raguwa ƙwarai a kan wadda ta riga ta gina gida.

Na fara da wanda ya fi kowanne nauyi, wato kulohegzidin, wanda aka fi sani da sunan kamfani Corsodyl. A Ingila aka ƙirƙiro shi a shekarun 1950, kuma ana sayar da na baki a ƙarfi biyu, kashi 0.2 ko kashi 0.12 cikin ɗari. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ba ya tafiya da an tofar. Yana liƙe wa haƙori da fatar baki da harshe, ya riƙa sakin kansa a hankali har kusan awa 12. A kan kandida aiki biyu yake yi. In da yawa, yana fasa fatar ƙwayar ya kashe ta. In ya tsarke da yawu ya yi rauni, ba ya kashewa amma yana nakasa ta: ba ta iya fitar da zaren nan yadda ta saba, kuma mannewarta na raguwa. Tun a 1987 wasu masana a Gilasgo, cikinsu har da Lakshman Samaranayake ɗan ƙasar Siri Lanka wanda ya shafe rayuwarsa yana nazarin kandidar baki, suka nuna cewa ƙwayoyin fatar kumatu da kulohegzidin ya taɓa, kandida kaɗan ce ke iya kama su. Wani binciken kuma ya nuna irin haka a kan robar haƙoran sawa. Yawancin wannan aiki a ɗakin gwaji aka yi shi, inda babu tuwo, babu shayi, babu yawu mai wanke komai, don haka a bakin mutum tasirin bai kai haka kaifi ba. Duk da haka, a cikin duk ruwan kurkura babu wanda hujjarsa ta kai tasa.

Ana kurkurawa da mililita 10 na mai kashi 0.2, wato ƙaramin cokali biyu, na tsawon minti ɗaya, safe da dare, a tofar, kada a bi shi da ruwa. Ga mai azumi wannan ya zo daidai: sau ɗaya bayan sahur kafin alfijir, sau ɗaya kafin kwanciya, babu buƙatar sa shi a baki da rana.

Yana da nasa laifin, kuma gara a faɗa wa mutum tun kafin ya saya. Yana rina haƙora da harshe su yi ruwan ƙasa, musamman ga mai yawan shan shayi, kuma mai cin goro da ma haƙoransa sun riga sun ɗauki launi. Rinin na fita in likitan haƙori ya goge, amma likitan haƙori ba a bakin ƙofa yake ba ga mutumin Babura ko Gwaram. Yana dusashe ɗanɗano, har mutum ya ji miya ba gishiri ya zargi mai girki. Yana ƙara taruwar dattin nan mai tauri a gindin haƙori. In baki ya yi ɗanye yana iya yin zafi, wasu kwalaben ma akwai ɗan barasa a ciki, akwai kuma marasa ita. Saboda haka magani ne na mako ɗaya zuwa biyu, ba abin amfanin kullum ba, sai in likita ne ya ce a ci gaba.

Sai abubuwa biyu da ke karya shi, waɗanda ba kasafai mai kemis ke faɗa ba. Na farko man goge baki: sinadarin da ke sa shi kumfa yana kashe ƙarfin kulohegzidin, don haka a bar aƙalla rabin awa a tsakaninsu. Na biyun ya fi ba ni takaici, domin yana faruwa ne ga wanda ya kashe kuɗi ya sayi abu biyu masu kyau. Nistatin, wanda shi ne ainihin maganin kandidar baki, idan ya gamu da kulohegzidin a baki lokaci guda sai su haɗu su zama wani gishiri da ba ya narkewa sosai, kowannensu ya rasa ƙarfinsa. In an rubuta wa mutum duka biyun, kada ya bi ɗaya da ɗaya. Ya raba su da rabin awa a ƙalla, in ya kai awa guda ya fi.

Gargaɗi guda ga iyaye mata: man nan da ake bayarwa a asibiti don shafa wa cibiyar jariri shi ma kulohegzidin ne, amma mai kashi 4 cikin ɗari, ya ninka na baki fiye da sau 20. Na cibiya ne kawai. Ba a sa shi a baki, ba a sa shi a ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jariran da suka makance saboda an ɗiga musu shi a ido.

Na biyu shi ne irin Listerine, mai haɗin mayukan tsirrai huɗu: na turare, na na'a-na'a, da wasu biyu masu ƙamshi. Tsohon haɗi ne, tun 1879 a Amurka. A ɗakin gwaji yana kashe kandida cikin ɗan lokaci, wannan ba gardama. Matsalarsa ba ya zama a baki kamar kulohegzidin. Da an tofar, aikinsa ya fara ƙarewa. Sannan na asalin yana da barasa fiye da kashi 20 cikin ɗari. Ban shiga hukuncin addini ba, wannan na malamai ne, kuma akwai nau'insa marar barasa ga mai son kauce wa shakka. Abin da ya dame ni shi ne bakin da kandida ta cinye ɗanye ne, zuba masa barasa azaba ce, kuma masu fama da ita da yawa da ma bakinsu a bushe yake. Mutane kan ɗauka zafin da suke ji shi ne alamar magani na aiki. Ba haka ba ne. Ga mai lafiyayyen baki da ke son rage dattin haƙori da wari, yana da amfani, kuma ba ya rina haƙora. Ga mai farin harshe da raɗaɗi, ba zan ce ya saya ba.

Akwai kuma masu sinadarin da ake rubutawa CPC a jikin kwalba, irin su Colgate Plax. Sun fi sauƙi a baki, yawancinsu ba barasa, rininsu kaɗan ne. Su ma suna kashe kandida a gwaji, suna kuma ɗan liƙewa a baki, amma na 'yan awoyi kawai. Wuri ɗaya nake ganin sun dace: mutumin da aka riga aka yi wa magani ya warke, yana da dalilin da zai sa ciwon ya dawo, kuma yana son abin da zai riƙa amfani da shi na dogon lokaci ba tare da haƙoransa sun rine ba.

Ruwan aidin na kurkura, wanda ake samu da sunan Betadine mai kashi 1 cikin ɗari, yana kashe kusan komai, har kandida, kuma da sauri. Sai dai jiki na tsotsar aidin ta fatar baki. Mai maƙoƙo ko wani ciwon da ya shafi wannan gaɓar ta wuya, da mai ciki, da mai shayarwa, su nisance shi. Sauran mutane ma na 'yan kwanaki ne. Kuma na kurkura daban, na wanke rauni daban. Na raunin ya ninka shi ƙarfi sau 10.

Shuɗin maganin nan da ake kira GV ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne aka fi samu a ƙauye kuma shi ne mafi araha. Kowa ya taɓa ganin yaro da shuɗin baki. Gaskiya ce yana kashe kandida, har ya kan hana ta gina shimfiɗin nan. Shekaru da dama jagororin kula da yara na Hukumar Lafiya ta Duniya sun amince a shafa mai kashi 0.25 cikin ɗari a baki, wato rabin ƙarfin wanda ake shafa wa fata. A nan ne ake samun kuskure: sai a ɗauko na fata kai tsaye a cika wa jariri baki da shi, sau da yawa a rana, har fatar bakin ta ƙone ta zama gyambo, yaro ya ƙi nono gaba ɗaya. A 2019 kuma hukumar lafiya ta Kanada ta janye shi daga kasuwa saboda gwajin dabbobi ya nuna yana iya jawo ciwon daji in ana haɗiye shi. Ra'ayina: in akwai nistatin a kusa, a bar GV. In babu, ma'aikacin lafiya ne zai tsarke shi ya faɗi adadin kwanaki, ba kaka ba, ba maƙwabciya ba.

Ruwan ɗumi da gishiri ba ya kashe kandida, amma yana wanke baki, yana rage raɗaɗi, kuma ba ya cin ko sisi. Rabin ƙaramin cokali a kofi guda ya isa. Asuwaki ya fi shi aiki, domin gogewa yake yi, kuma gwaje-gwaje sun nuna ruwan icen asuwaki na hana kandida yaɗuwa. Na rigakafi ne, ba na warkarwa ba, kuma a yi a hankali in baki ya yi ɗanye. Kanwa da toka da alif kuwa, ƙona baki kawai suke yi.

Duk waɗannan mataimaka ne. Wanda farin dattin ya riga ya kama shi sosai, maganin kandida na ainihi yake buƙata, kuma sau da yawa ya fi kwalbar da aka shigo da ita daga waje araha. Nistatin na ruwa, wanda wasu mata biyu masu bincike, Elizabeth Hazen da Rachel Brown, suka gano a 1950 a jihar Niyok, ana riƙe shi a baki a juya shi sannan a haɗiye, sau 4 a rana bayan cin abinci, na mako guda a ƙalla, a ci gaba kwana 2 bayan farin ya ɓace. Akwai man mikonazol na shafawa a baki. In ciwon ya yi ƙarfi ko ya ƙi jin waɗannan, sai ƙwayar fulukonazol na kwana 7 zuwa 14. Ita wannan ba a shanta da ka. Mai ciki ba ta dace da ita ba. Ita da mikonazol duk suna ƙara wa maganin tsinka jini ƙarfi har mutum ya yi ta zubar jini, suna kuma iya sa sukari ya faɗi ƙasa warwas ga mai shan wasu ƙwayoyin ciwon sukari. Yawan maimaita ta kuma yana sa kandidar ta daina jin ta.

Saboda haka zaɓin ya danganta da wanda ke gabanka.

Jariri: babu ruwan kurkura ko ɗaya. Bai iya tofarwa ba, kuma yaro ƙasa da shekara 6 ma ba a ba shi. A fara tabbatarwa ba guntun nono ba ne. Nono na gogewa cikin sauƙi, kandida na maƙalewa, in an tilasta ta fita sai wurin ya yi ja ko ya yi jini. Don haka a daina dirje wa yaro harshe da tsumma. A ɗiga masa nistatin mililita 1 sau 4 a rana bayan ya sha nono. A duba kan nonon uwa, in yana mata zafi ko ya tsage ita ma a yi mata magani, in ba haka ba za su riƙa miƙa wa juna. In ana amfani da bulumboti a tafasa shi. Zuma ba ta shiga bakin yaron da bai cika shekara ba.

Tsoho mai haƙoran roba: a nan ne kulohegzidin ya fi nuna bajintarsa. Kandida na son robar nan fiye da fatar baki, tana shiga ƙananan ramukan gefen da ke kwanciya a kan dasashi, inda yawu ba ya kaiwa. Sau da yawa ba a ganin fari, sai dai ganɗa ta yi jawur daidai inda robar ke zama, gefen leɓe kuma ya tsattsage. In an yi wa bakin magani an bar robar, da safe za a mayar da ciwon ciki. A cire su da dare, kullum. A goge su da burushi da sabulu, a jiƙa su a kulohegzidin na minti 15 sau biyu a rana har ciwon ya wuce, a ɗauraye sosai kafin a mayar, musamman in ana amfani da nistatin. Dattawa da yawa na jin nauyin a gan su ba haƙora, ko da a cikin iyalinsu. Wannan sai da lallashi. Ɗa ko jika ya ce, "Baba, a ajiye su a kofi kusa da shimfiɗa, da asuba kafin kowa ya tashi an mayar," ya fi a yi ta sayen kwalba.

Mai asma da ke shaƙar maganin feshi mai sitiroyid, wato sinadarin rage kumburi: ruwa zalla ya ishe shi. Ya kurkure baki ya tofar duk bayan shaƙa. Bai kamata ya bar maganinsa don tsoron farin baki ba.

'Yan mata da matan aure masu shan "sha ka fashe" don su yi ƙiba: cikin ƙwayoyin nan akwai sitiroyid mai karya garkuwar jiki ya kuma ɗaga sukari, abu biyun da kandida ke nema. Babu kurkurar da za ta yi tasiri ana ci gaba da sha. Amma wadda ta daɗe a kansa kada ta yanke rana ɗaya, yin hakan na da haɗari. A asibiti ake rage mata a hankali.

Majinyacin da ke kwance ba ya iya kula da bakinsa, ko mai karɓar maganin ciwon daji: a riƙa goge masa baki da auduga ko tsumma mai laushi, a jiƙa masa leɓe, musamman da hunturu in baki na bushewa. Kulohegzidin marar barasa na iya shiga, amma da izinin masu kula da shi.

Sai wanda ya fi tsaya mini a rai: babban mutum, ba jariri ba, ba mai haƙoran roba ba, bai sha antibayotik ba, amma farin dattin ya zo masa, ko ya warke ya dawo. Wannan ba kwalba yake buƙata ba, gwaji yake buƙata, na sukari da na ƙanjamau, a kuma duba ko jininsa ya yi ƙasa. Mutane da yawa ta bakinsu aka fara gane ciwon sukarinsu, wasu kuma ta nan aka gano cuta mai karya garkuwar jiki tun da sauran ƙarfi, aka ɗora su a kan magani suka ci gaba da noma da kasuwancinsu. Haɗarin kulohegzidin a nan shi ne yana iya rage farin har mutum ya ɗauka ya warke, a ɓata watanni. In kuma haɗiya na masa zafi, ko yana jin abinci na tsaya masa a ƙirji, alama ce kandidar ta gangara maƙogwaro, inda babu ruwan kurkurar da ke kaiwa. Haka farin tabon da ba ya gogewa sam, ya wuce mako 2 ko 3, musamman ga mai shan sigari ko sa taba a baki, wannan wani abu ne daban da dole likita ya gani. Ana yin gwajin sukari da na ƙanjamau a manyan asibitocin ƙananan hukumomi da cibiyoyin lafiya na matakin farko da dama. Abin da ya fi ƙarfinsu sai a tura mutum Dutse, ko Birnin Kudu, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Wanda kuma ya yanke shawarar sayen kwalba, ya juya bayanta ya duba sunan sinadarin da ƙarfinsa, da lambar NAFDAC, da ranar ƙarewar aiki, in bai iya karatun boko ba ya sa a karanta masa. Kwalabe da yawa da ke kan kanta ƙamshi ne da launi kawai, babu abin da ke taɓa kandida a cikinsu. Wadda kuma ta yini a rana a kan tabarmar ɗan kasuwa, ko aka ɗura ta a wata roba marar rubutu, a bar masa kayansa.